Yadda Ake Zane a Jikin Gilashi da Yankan Yadi da Injin Leza

Yawancin masu koyon aikin leza a Abuja da katako da akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi, suke farawa, domin su ba su da wuyar sha'ani. Gilashi da yadi kuwa sai an bi su a hankali, alhali su ne masu kawo ciniki: kofunan rabon biki, allunan karramawa na ofisoshi, furannin da teloli ke ɗinkawa a rigunan amare, bajojin makarantu. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo koyo shi ne, babu lambar ƙarfi ko ta gudu da wani zai ba ka ta zauna daidai a injinka. Lambobin da zan kawo nan mafari ne kawai. Na gaskiyar sai ka fitar da su da kanka ta hanyar gwaji.

KAYAN AIKI

Injin leza na CO2, mai wat 60 zuwa 100. Waɗanda suka fi yawa a shaguna su ne 6090, mai faɗin aiki santimita 60 da 90, da kuma 1390. Ƙaramin nan K40 mai wat 40 ya isa koyo da ƙananan ayyuka, sai dai teburinsa bai wuce girman takardar A4 da komai ba. Kada ka ruɗu da arahar ƙananan injina masu shuɗin haske. Hasken CO2 tsawon zangonsa maikiromita 10.6 ne, gilashi na shanye shi nan take a fatarsa, amma shuɗin haske ratsa farin gilashi yake yi ya wuce. Idan shi kaɗai gare ka, sai ka shafa wa gilashin baƙin fenti mai wankuwa da ruwa kafin ya kama, kuma farin yadi ma wahala yake ba shi.

Cila, wato injin sanyaya ruwan tub, bututun gilashin nan da ke samar da hasken leza. A nan mutane ke tsuke hannu su yi asara. CW-3000 fanka ce kawai ke hura ruwan, ba ta iya sauke shi ƙasa da zafin ɗakin. A Jos wataƙila ka lallaba da ita, amma a Abuja cikin Maris da Afrilu sai mai kwamfuresa irin CW-5200. Idan babu hali, ka sa babban bokiti da famfon ruwa, ka riƙa jefa gorunan ƙanƙara a rufe, da ma'aunin zafi a ciki kana dubawa.

Fankar zuƙe hayaƙi da bututunta har waje, da famfon iska mai hurawa a bakin leza. Rotari don juya kofuna da kwalabe. Sitabilaiza mai ƙarfi da wayar ƙasa da aka binne da kyau. Kwamfuta mai CorelDRAW ko Inkscape don zane, da LightBurn ko RDWorks don tura aiki.

Ƙananan kaya: salatif na takarda, tishun kicin ko tsohuwar jarida, sabulun ruwa na wanke-wanke, ƙananan maganaɗisu, dutsen guga, tef ɗin awo, buroshi mai tauri, auduga mai tsinke, sinadarin aisofurofil na goge-goge, ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba don zubawa a cila, tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, da littafin rubutu. Littafin nan kada ka raina shi.

MATAKI NA 1: SHIRYA INJI

Kunna cila tukuna, ka tabbata ruwa na zagayawa kuma babu kumfar iska a cikin tub. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 da 24. Idan ya haura 25 sosai ƙarfin hasken zai riƙa raguwa, tub ɗin kuma ya mutu da wuri. Da damina kada ka sanyaya ruwan fiye da kima, domin raɓa na taruwa a jikin tub, ga kuma wuta mai dubban bolt a gefensa.

Duba madubai uku da lens, wato ɗan gilashin da ke tattara hasken a kan leza. Da hunturu ƙurar Abuja na shiga ko'ina, kuma ƙura a kan lens zafi take tarawa har ya tsage. Ɗiga aisofurofil a auduga ka share a hankali sau ɗaya, ka canza auduga. Daga nan ka manna salatif a ƙofar da haske ke shiga kan leza, ka harba sau ɗaya a kowace kusurwa ta tebur. Idan tabon na faɗawa wuri guda, madubai sun daidaita. Idan yana yawo, gyara su kafin ka taɓa kayan mutane.

Sai saitin tazara tsakanin bakin leza da abin aiki. Yawancin injina da lens mai inci 2 suke zuwa, tare da ɗan guntun awo. Idan ya ɓace, jingina katako a karkace, ka ja layi ɗaya a kansa da leza, inda layin ya fi siranta nan ne tazararka. Auna ta, ka yanka sabon guntu.

MATAKI NA 2: SHIRYA ZANE

Ka ware launi ɗaya don yanka, wani don zane, kuma zane ya riga yanka a jerin aiki. Cire layukan da suka hau kan juna, in ba haka ba leza zai bi wuri ɗaya sau biyu ya ƙona shi.

Sunayen Hausa na da nasu tarko. Ba kowane salon rubutu ke da ɗ da ƙ da ɓ ba, sai ka ga akwati a wurin harafin, ko kwamfuta ta sauya shi da wani salo dabam ba ka lura ba. Rubutun Larabci da ajami kuma wasu manhajoji na wargaza haruffansa ko su juya shi daga hagu. Maganin duka biyun shi ne ka mai da rubutun zanen layi tun a CorelDRAW ko Inkscape, sannan ka tura wa mai aiki hotonsa ta WhatsApp ya karanta ya amince a rubuce. Gilashi ba ya goguwa. Kuma idan aikin na ɗauke da aya ko sunan Allah, ka yi gwajinka da wasu kalmomi na dabam masu kama da su a girma, domin guntayen gwaji a shara suke ƙarewa.

MATAKI NA 3: ALLON GWAJI

Kafin kowane sabon kaya, zana ƙananan murabba'ai a jere, ƙarfi na ƙaruwa daga hagu zuwa dama, gudu na ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa. LightBurn na da wurin da ke haɗa maka wannan da kansa. Yi shi a kan irin kayan da za ka yi aiki da shi sak, shi ya sa nake sa mai aiki ya ƙaro kofi biyu ko rabin yadi a kan abin da ya kawo. Zaɓi murabba'in da ya fi kyau, ka rubuta lambarsa a littafi tare da kwanan wata da irin kayan. Tub na raguwa da tsufa, lambar bara ba lallai ta yi bana ba. Tub ɗin gilashi yawanci ba ya tashi idan ƙarfi ya gaza kashi 10 cikin 100 ko kusa da haka, kuma tura shi kashi 100 na cinye ransa.

MATAKI NA 4: ZANE A SHIMFIƊAƊƊEN GILASHI

Abu ɗaya za ka fahimta a nan, sauran duk daga gare shi suka fito. Leza ba ya sassaƙa gilashi yadda yake cin katako. Zafi yake sauke wa a ɗigo ɗaya, wurin ya kumbura ya yi 'yar ƙaramar tsaga, tarin waɗannan tsagogi ne ke ba da farin nan mai kama da hazo. Saboda haka ƙara wuta ba ya ƙara zurfi, ɓantarewa kawai yake jawowa, gefen haruffa ya yi kaushi.

Fara da zaɓen gilashi. Na yau da kullum mai araha, irin na taga da kofunan kasuwa, shi ya fi karɓar leza. Kiristal mai tsada da ke da dalma a cikinsa yakan tsage. Gilashin da aka ƙarfafa da zafi, irin na gefen mota da saman tebur, na iya wargajewa gaba ɗaya, mai koyo ya bar shi. Yankan gilashi kuwa ba aikin wannan inji ba ne. Kai awonka wurin masu gilashi a Dei-Dei su yanka maka, su goge bakin don kada ya yanki hannu.

Wanke gilashin ka goge shi da aisofurofil. Jiƙa tishu ko jarida falle ɗaya, ka shimfiɗa a wurin zanen, ka kore kumfa da tattarewa da tafin hannu. Danshin ne ke janye rarar zafi ya bar zanen da santsi. Kashe famfon iska ko ka rage shi sosai, domin zai busar da takardar kafin a kai rabi. Idan zanen babba ne har takarda za ta bushe, shafa siririn sabulun ruwa ka bar shi ya sha iska, ko ka yi amfani da salatif na takarda.

A inji mai wat 80 nakan fara gwaji daga gudun milimita 300 a daƙiƙa, ƙarfi kashi 15 zuwa 25, tazarar layuka milimita 0.08 zuwa 0.1. Inda zanen ke da babban fili baƙi ƙirin, mai da shi toka-toka, kamar kashi 70 zuwa 80 na baƙi, ka tura shi a matsayin hoto mai ɗige-ɗige. Ɗigogin za su ɗan ware, zafi ba zai taru ba. Bi sau ɗaya kawai. Bi na biyu dusashe zanen yake yi.

Idan hoton mutum ne, ka tuna inda leza ya taɓa fari yake fitowa, don haka sai an juya hoton, baƙi ya koma fari. Hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse, ka nemi na asali. Madubi kuma ta baya ake yi masa: juya zanen hagu zuwa dama, leza ya cire rufin bayan, sannan ka fesa fentin launin da ake so a wurin.

Da an gama, kada ka shafa da yatsa, akwai ƙananan tsinin gilashi da ido ba ya gani. Kai shi ƙarƙashin famfo ka goge da buroshi. Ruwan kada ya zama mai sanyi ƙarara alhali gilashin na da ɗumi.

MATAKI NA 5: KOFUNA DA KWALABE

Sauke tebur, kashe inji, sannan ka jona rotari a mazaunin layin Y, wato layin da ke tafiya gaba da baya. Jona shi da wuta a kunne na iya ƙona na'urar da ke sarrafa tafiyar layin. Auna kewayen kofin da tef daidai inda zanen zai zauna, ka shigar a manhaja. Don tabbatarwa, naɗe kofin da salatif, ka zana murabba'i mai santimita 3 da ƙarfi kaɗan, ka auna. Idan ya fito a miƙe ko a matse, gyara lambar rotari har ya daidaita.

Yawancin kofuna bakinsu ya fi gindinsu faɗi. Ɗaga ɓangaren gindin har saman da leza zai bi ya kwanta daidai, in ba haka ba rabin sunan zai fito tar, rabin ya dushe. Bar aƙalla santimita ɗaya daga leɓen kofi, wurin siriri ne, shi ke fara tsagewa. Idan rotarinka mai tayoyi ne kofi na zamewa, cusa masa ɗan ƙunshin yashi a leda don ya yi nauyi, ka rage saurin juyawa. Kofi mai hannu sai rotari mai kamawa da haƙora.

Idan babu rotari, ƙaramin tambari da bai wuce faɗin santimita 2 zuwa 3 ba zai yiwu a kofin da aka tokare shi ya zauna daram. Fiye da haka gefuna za su fita daga saiti. Wata hanyar ita ce ka yanka zanen a salatif, ka manna a kofin, ka kai wa masu feshin yashi. Akwai kuma man da ke cin gilashi, yana aiki, amma sinadarinsa na ƙona fata ƙwarai, sai da safar hannu da tabarau da iska mai wadata.

MATAKI NA 6: GANE YADI KAFIN YA SHIGA INJI

Wannan mataki ya shafi lafiyarka. Fatar roba da ake jakunkuna da kujeru da ita, da tamfol, da ledar buga talla (bana), da wasu sitika, yawancinsu robar PVC ce. Idan leza ya ƙona PVC yana fitar da iska mai kulorin da ke illata huhu, ta kuma sa ƙarafan inji tsatsa. Idan kana shakka, gasa jan waya ta tagulla a wuta, ka taɓa kayan da ita, ka mai da ita cikin harshen wutar. Idan wutar ta koma kore, akwai kulorin, mayar wa mai shi kayansa komai kuɗin da ya sa. A waje ake wannan gwaji.

Sauran yadi, zare ɗan zare ka kusanta shi da ashana. Auduga na warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi. Foliyesta narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ulu da alharini warin ƙonannen gashi suke. Wannan ya fi maganar mai shago a kasuwar Wuse, domin shi ma sau da yawa abin da aka faɗa masa yake faɗa maka.

Foliyesta da danginta, irin su shifon da satin da yawancin leshi, su ne abokan leza: bakin yankan na narkewa ya liƙe, ba ya zarewa. Atamfa da shadda ta gaske auduga ce, bakinsu na yin ruwan ƙasa kuma zai iya zarewa bayan wanki. A farar shadda wannan tabo na fitowa fili, ka nuna wa tela samfur tun kafin ya saki yadin mutane.

MATAKI NA 7: YANKAN YADI

Goge yadin sumul. Duk inda ya tattare tazara ta canza, yanka ba zai ratsa ba. Idan furannin da za a ɗinka a riga ne, manna masa gam ɗin nan na teloli a baya da dutsen guga tun kafin yanka. Yana hana zarewa, yana sa yadin ya kwanta, kuma tela zai ji daɗin ɗora shi.

Wanke faifan saƙar zuman teburin, domin daskararren hayaƙin katako zai ɓata bayan farin yadi. Shimfiɗa yadin, ka danne gefuna da maganaɗisu inda kan leza ba zai buge su ba, ka rufe sauran filin teburin da takarda don fanka ta riƙa zuƙo yadin ƙasa. Kada ka ja shi da ƙarfi, musamman mai talewa, in ba haka ba da'ira za ta koma ƙwai da zarar ka sake shi.

Ƙa'idar ita ce gudu da yawa, wuta kaɗan, kamar dutsen guga ne: tsayawa wuri ɗaya ke ƙona riga. Ga yadi mara kauri a wat 80, gwada daga milimita 100 a daƙiƙa da ƙarfi kashi 15 zuwa 20, ka nemi mafi ƙarancin wutar da za ta ratsa. A kusurwoyi inji na rage gudu, don haka a manhaja ka sa lambar ƙaramin ƙarfi ta yi ƙasa da ta babban, in ba haka ba kowace kusurwa za ta ƙone. Iska a kunne, amma ba mai ƙarfin da za ta kwashe guntaye ta jefa su gaban haske ba. A yanka ramukan ciki kafin layin waje. Idan zanen mai huda-huda ne irin na leshi, ka bar aƙalla milimita 2 tsakanin rami da rami don kada ya yage a jikin mai shi ranar biki.

Kada ka jera foliyesta falle-falle don sauri, bakinsu zai manne da juna. Kuma kada ka bar inji na yankan yadi ka fita, ko da amsa sallama ce a ƙofa. Dakatar da shi tukuna. Yadi na kamawa da wuta cikin daƙiƙu, murfi kuma a rufe yake zama muddin haske na aiki.

MATAKI NA 8: ZANE A JINS DA KARAMMISKI

A jins leza shuɗin saman zaren yake ƙonewa farin ciki ya bayyana, a karammiski kuma gashin yake kwantarwa. Duka biyun suna fitowa da kyau ƙwarai. Gudu milimita 400 zuwa 500, ƙarfi dab da mafi ƙanƙanta, tazarar layuka a buɗe, milimita 0.15 zuwa 0.2. Bayan gwaji, ɗaga yadin ka duba shi a hasken rana, ka ja shi da hannu biyu, sannan ka wanke. Zanen da ya yi kyau a tebur amma ya huje a wankin farko, wutarsa ta yi yawa. Yadi mara kauri irin atamfa ban ba da shawarar a yi masa wannan ba sam.

MATAKI NA 9: IDAN ANA SON LAUNI

Leza ba ya sa launi, sai an haɗa da ɗab'i. Sabilimeshan, wato ɗab'in da zafi ke shigar da launi cikin zaren yadi daga takarda, na kama farar foliyesta ko mai haske kawai, a matse da zafin digiri 190 zuwa 200 na daƙiƙa 45 zuwa 60. A auduga wankewa zai yi. DTF kuwa, wato bugu a kan fim da ake mannawa a yadi da zafi, na hawa auduga da baƙin yadi, a digiri 150 zuwa 160 na daƙiƙa 10 zuwa 15, amma ka bi abin da mai fim ɗin ya rubuta. Idan riguna ɗaruruwa ne masu launi ɗaya ko biyu, ɗab'in sikirin ya fi sauƙin kuɗi. Ba sai ka mallaki waɗannan injina ba, masu ɗab'i a Garki za su buga maka, kai kuma ka yanka.

A fara bugawa, sannan a yanka, domin zafin matsi na ɗan tsuke yadi. Sa ƙananan alamomi biyu a kusurwoyin bugun don ka daidaita jan ɗigon inji mai nuna inda leza zai faɗa a kansu, kuma launin ya zarce layin yanka da milimita 2 don kada farin gefe ya leƙo. A gilashi, za ka iya cusa fentin akirilik ko na ruwan zinariya a cikin zanen ka goge saura, amma wannan na allon ado ne, ban da kofin da za a sha ruwa a riƙa wankewa.

MATAKI NA 10: RUFE AIKI

Bar cila da fanka su ci gaba na 'yan mintuna bayan an gama. Kwashe guntayen yadin da suka zuba ƙarƙashin tebur kowace rana, su ne makamashin gobara. Share lens da madubai, goge layukan da kan leza ke gudu a kansu ka ɗiga musu mai kaɗan, ka lulluɓe injin saboda ƙura. Ruwan cila a canza shi duk wata ɗaya ko biyu. Yadin da aka yanka a shanya shi ya sha iska kafin a miƙa, warin ƙuna na bin sa. Kofuna kuma a naɗe kowanne da takarda dabam. Wajen yanke farashi, manhaja na nuna mintunan da aiki zai ci tun kafin ka fara: lissafa da su, ka haɗa da man janareto, da kayan gwaji, da kofi ɗaya ko biyu da kan fashe a babban aiki, kuma ku yi yarjejeniya tun farko kan wanda zai ɗauki asarar idan mai aiki ne ya kawo gilashinsa.